3.4 Matsayin Maiƙo a Tsarin Abinci na Whole30

Whole30 tsarin abinci ne da aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 2009. Mai bin sa yakan ƙaurace wa hatsi da wake da gyaɗa da madara da sukari har kwana 30, sannan ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya domin gano wanda jikinsa ba ya so. Barin hatsi kan jawo yunwa da kasala. A nan maiƙo ke cike gurbi, domin giram ɗaya nasa na da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Haka kuma sai da maiƙo jiki ke tsotsar bitamin A da D da E da K sosai. Saboda haka ake son kowane abinci ya ƙunshi man zaitun ko fiya ko kifi mai kitse ko soyayyen man shanu.