Ƙofar Gabas da Kafanchan Ke Jira a Buɗe

Wanda ya tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan zai ga inda layin dogo ya rabu biyu. Layin da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, a nan ya yi rassa tun 1927: ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudun Jos. Daga Kuru, kusa da Jos, aka ja shi zuwa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Don kwasar kwal da kuza da gyaɗa zuwa bakin teku aka shimfiɗa shi, amma ƙarshensa ya tsaya dab da Cadi da arewacin Kamaru. Ashe garin nan na kudancin Kaduna ya daɗe yana fuskantar gabas, ko da mutanensa ba su lura ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu 1975 bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo, a Najeriya iyakarta ta gabas ta tsaya. Kamaru da Cadi ba sa ciki. Su 'yan wata ƙungiya ce ta ƙasashen tsakiyar Afirka, ECCAS, da aka kafa a 1983, mai hedikwata a Libreville. Sauƙin harajin da ECOWAS ta tanadar wa amfanin gonar mambobinta yana aiki ga mai kai kaya Kwatano ko Akra, amma ba ya bin ɗan kasuwa zuwa Garwa ko Njamena. Alhali iyakarmu da Kamaru ita ce mafi tsawo cikin dukkan iyakokin ƙasar nan. Hatta kuɗin sefa iri biyu ne, na yamma daban, na tsakiyar Afirka daban, duk da darajarsu ɗaya. Sai an bi ta hannun 'yan canji, su ma su ci nasu rabon.

Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa ranar 29 ga Janairu 2025, mambobin ECOWAS suka koma 12. Yanzu cikin maƙwabtanmu huɗu na tudu, Benin kaɗai ta rage a ƙungiyar. Wannan kaɗai ya isa ya sa a waiwayi gabas da idon basira.

Me ya shafi manomin Kachia ko Kwoi ko Kagarko? Citta. Yankin nan shi ne cibiyar noman citta a Najeriya, kuma busasshiyar cittarsa ta yi suna wajen yaji da ƙamshi. Akasarin wadda ake fitarwa Legas take nufa, ta bi jirgin ruwa zuwa Turai da Asiya, farashinta kuwa a hannun 'yan tsirarun masu fitarwa da dillalansu. Ga kuma dubban masu shan shayi da citta a Cadi da arewacin Kamaru a bayan ɗakinmu, waɗanda daga wajensu shanu ke gangarowa kudu, daga tafkin Cadi kuma banda da kanwa. Manomin da annobar ruɓewar citta ta 2023 ta durƙusar, idan ya miƙe, ba zai so ya dogara da mai saye ɗaya ba. Kasuwa biyu ta fi ɗaya, ko don a samu bakin yin ciniki.

Ba wai shugabanni ba sa zama ba ne. Hukumar Tafkin Cadi tun 1964 take, Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa ta. Rikicin Bakassi tsakaninmu da Kamaru ma an kashe shi ba da yaƙi ba: kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006. Shugabannin ECOWAS da ECCAS sun haɗu a Yawunde a 2013 kan 'yan fashin teku, sun sake zama a Lome a Yulin 2018 kan ta'addanci, ga rundunar haɗin gwiwa mai yaƙar Boko Haram da hedikwatarta a Njamena. Duba jerin da kyau: kusan duk tsoro ne ya tara su. Maganar buhu da tirela da takardar kwastan sai a ƙarshen taro, lokacin da kowa ke duba agogo. A ganina nan ne aka bar baya da ƙura, domin samarin da ke cin abinci a hanyar Gamboru zuwa Fotokol da Kuseri, in hanyar ta mutu, ai wani ne zai ɗauke su aiki, kuma mun ga wanda ya ɗauka.

Akwai abin da ya motsa. A Nuwamban 2022 an buɗe sabuwar gada tsakanin Mfum da Ekok a iyakarmu da Kamaru, kan hanyar Inugu zuwa Bamenda. Yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, ita ce a takarda za ta rushe katangar da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu. Sai dai wata ɗaya bayan sa hannun muka rufe iyakokinmu na tudu, ba mu fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Direban da ke tsayawa shinge bayan shinge yana miƙa na goro bai san da wata yarjejeniya ba. Shi dai lissafinsa yake yi, ya ɗora a kan kuɗin mota, mai kaya kuma ya zaftare daga abin da zai ba manomi.

Layin dogon fa? A Maris 2021 aka ƙaddamar da gyaransa daga Fatakwal har Maiduguri. A 2024 jirgi ya dawo aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Kafanchan na nan tana sauraron usur, buhunan citta kuma na ci gaba da hawa tirela.