Saƙon soyayya: harafi ɗaya kan ɓata zance

Daga Zinder zuwa Aljeriya da Libiya, WhatsApp ne ke ɗauke da kewar ƴan ci-rani. Sai dai kafin su tura saƙo, samari da dama kan miƙa wa aboki waya ya duba.

Da Faransanci akasarinsu suka koyi rubutu a lakwal, shi ya sa "cikin" ke komawa "tchikin". Babban haɗarin yana wajen haɗe kalmomi da barin lanƙwasar haruffa. Saurayin da ya rubuta wa ƙawar budurwarsa "na bata raina", yana nufin "na ba ta raina", ana iya karanta "na ɓata raina".

Mai gyara na ƙwarai kan raba kalmomin, ya bar wa mai saƙo kalamansa, domin budurwa ta san muryar saurayinta.