Gajiyar Tausayi: Me Ke Samun Zuciyar Mai Jinya?

Ma'aikaciyar jinya da ta shafe shekaru a ɗakin taimakon gaggawa takan wayi gari wata rana ta ga nishin majinyaci ya daina taɓa ta. Jama'a sai su ce zuciyarta ta ƙeƙashe. Masana kimiyya kuwa suna da wani bayani dabam.

A shekarar 1992 wata marubuciya a Amurka, Carla Joinson, ta yi rubutu a kan wannan hali, ta kira shi da sunan da ke nufin gajiyar tausayi. A 1995 kuma masanin halayyar ɗan Adam Charles Figley ya fitar da littafi a kan batun. Ya nuna cewa wanda kullum yake sauraron bala'in da ya afka wa wasu yana iya nuna alamu irin na waɗanda abin ya shafa, wato rashin barci, da saurin fushi, da gudun mutane, da mutuwar jiki a wajen aiki.

Shin ta yaya ciwon wani yake shiga jikin wani? A 2004, a birnin Landan, Tania Singer da abokan aikinta sun sanya wasu mata a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Wani lokaci a ɗan ja matar da lantarki a hannu, wani lokaci kuma a nuna mata alamar cewa abokin zamanta ake ja. Sashen ƙwaƙwalwa da ke tantance wurin da ciwo yake bai motsa ba sai da aka taɓa ita kanta matar. Amma sassan da ke haifar da ɗacin ciwo a rai sun motsa a duka lokutan biyu. Ashe ke nan mai kallon wahala yana ɗanɗanar wani abu daga cikinta. Idan hakan ya yi ta maimaituwa ba hutu, sai mutum ya soma janye zuciyarsa don ya kāre kansa.

Daga baya, Singer da Olga Klimecki sun gano cewa jin zafin wani dabam yake da jinƙansa. Mutanen da aka horar su riƙa jin zafin wasu, baƙin cikinsu ƙaruwa ya yi. Da aka horar da su su riƙa fatan alheri ga mai wahala da niyyar taimakonsa, sai wasu sassa dabam suka motsa, waɗanda ke da alaƙa da ƙauna da jin daɗi. Saboda haka ne wasu masana suke ganin ba jinƙai ne ke gajiyar da mutum ba, ɗaukar zafin wani ne ba tare da samun damar sauke shi ba.

Wannan matsala ba a asibiti kaɗai take ba. Takan sami 'yar da ke jinyar mahaifiyarta shekara da shekaru, da malamin da ɗalibai ke kawo wa kukansu kullum. Sau da yawa irin waɗannan sukan ɓoye gajiyarsu don kunya, suna zargin kansu da rashin imani, alhali kuwa yawan kulawa ne ya kai su ga haka.

Abin da ke taimakawa shi ne isasshen barci, da lokacin hutu, da samun amini da za a faɗa wa damuwa, da zuwa wurin likita idan abin ya tsananta. A gida kuma, jinya aikin karɓa-karɓa ce tsakanin 'yan'uwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai zuwa gaida mara lafiya ya kamata ya tambayi mai jinyar ko ya samu ya runtsa.