Wane Tocin Wuta Ya Dace Da Liƙin Bututun Jan Ƙarfe A Gona?

'Yan'uwa manoma, yawancin bututun ban-ruwa da muke amfani da su na roba ne, gam ake sa musu. Amma jan ƙarfe na nan a gonakinmu: a firjin ajiye rigakafin kaji, a ɗakin sanyi na tumatir, a na'urar sanyaya madara, da tankin dumama ruwa mai aiki da hasken rana. Ranar da ɗaya ya fara yoyo, sai batun tocin wuta ya taso. Ba tocilan haske nake nufi ba, ina nufin wanda ke hura wutar gas a kan ƙarfe. Kafin ka tambayi farashi, ka san irin liƙin da za ka yi.

Liƙi iri biyu ne. Akwai mai taushi, wanda ake yi da wayar kuza mai narkewa a wajen digiri 180 zuwa 250 a ma'aunin Salshiyos. Shi ake yi wa bututun ruwa. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda ake yi da sandar da ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 450, galibi ma sai ya kai 700 zuwa 800. Shi ne na firji da ɗakin sanyi, saboda matsin iskar da ke ciki da girgizar kwamfuresa.

Mafi araha shi ne ƙaramin toci da ake ɗaurawa a kan gwangwanin gas mai giram 220. Yana iya liƙi mai taushi a bututun rabin inci, wato kusan milimita 15. Matsalarsa, iska na karkatar da wutarsa, kuma jan ƙarfe na saurin janye zafi, don haka a babban bututu sai gwangwani ya ƙare wurin bai yi zafin kirki ba.

Na biyu shi ne toci mai tiyo da ake haɗawa da tukunyar gas ɗin girki. Ga wanda zai riƙa aiki akai-akai, wannan ya fi sauƙin kuɗi, tunda cika tukunya ya fi sayen gwangwani arha. Yana ɗaukar bututun milimita 22. Amma ka nemi regileta da tiyo waɗanda aka yi domin toci, na murhun girki ba sa ba da matsin da ake so.

Na uku shi ne gwangwani mai ruwan ɗorawa da aka rubuta MAPP ko MAP-Pro a jikinsa, wanda masu gyaran firji ke yawan riƙewa. Wutarsa na kaiwa wajen digiri 2,000, kuma tana shigar da zafi da sauri, shi ya sa yake iya liƙi mai ƙarfi a siraran bututun firji. Ya fi na farko tsada.

Na huɗu, oksijin da kabait na masu walda. Zafinsa ya haura digiri 3,000, alhali jan ƙarfe na narkewa a 1,085. Hannun da bai saba ba sai ya huda bututun. Wannan ka bar wa masu sana'ar.

Sau da yawa ba toci ke ɓata liƙi ba, rashin shiri ne. Ka tsiyaye ruwan da ke ciki tas, domin ko kaɗan ya rage wurin ba zai ɗau zafi ba. Ka goge bakin bututun da cikin mahaɗin da sanfefa har su yi ƙyalli, ka shafa man liƙi. Sannan ka gasa mahaɗin, ba wayar ba. Idan ya yi zafi ka taɓa wayar a gaɓar, da kanta za ta narke ta shige ciki.

In ruwan na sha ne, na mutane ko na dabbobi, kada ka yi amfani da waya mai dalma, irin ta masu gyaran rediyo. Amurka ta hana ta a bututun ruwan sha tun 1986. Mu ma mun ga abin da gubar dalma ta wuraren haƙar zinare ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ka nemi wadda ba dalma a cikinta.

Firjin zamani kuwa, da yawa na amfani da gas ɗin R600a ko R290, kuma duka biyun suna kama wuta. Ba a kusantar da toci sai an fitar da gas ɗin gaba ɗaya, aikin mai gyaran firji ne. A kowane aiki ka nisanci harawa da buhunan hatsi da jarkar fetur, ka ajiye bokitin yashi kusa, ka gwada tiyo da ruwan sabulu don gano yoyo.

Don haka, in gyaran bututun ruwa ne jefi-jefi, ƙaramin toci ya ishe ka. In aiki ne na kullum, ko ƙungiya ce ke da kayan, ku haɗa kuɗi ku sayi mai tiyo. In kuwa firji ne cike da rigakafi, kuɗin mai gyara bai kai asarar maganin ba.

Allah ya ba da damina mai albarka.