Shuɗiyar Dawa Mai Kare Gyada Daga Guba

Masu sauke gyada a kasuwar Mokolo da masu tsiren Briqueterie a Yawunde sun san ɓarnar fumfuna. Gubarta, wato aflatoksin, tana haddasa sankarar hanta, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya.

Dakta Ranajit Bandyopadhyay na cibiyar IITA da ke Ibadan da abokan aikinsa sun tantance irin fumfunar, suka zaɓo nau'i 4 marasa guba, suka shafa wa dawa, aka kira ta Aflasafe. In aka watsa kilo 10 a hekta kafin fure, marasa gubar kan riga masu gubar mamaye gona, gubar ta ragu da kashi 80 cikin ɗari.

Don haka fatake, kafin ciniki ku tambayi manomi ko ya watsa.