GARGAƊI GA JAMA'AR GWARZO DA KABO: KUMBURIN HAƘORI NA KISA

Wannan kira ne na gaggawa ga iyayenmu da 'yan uwanmu na Gwarzo, Getso, Kutama, Lakwaya, Kabo, Garo, Godiya, Durum da ƙauyukan da ke kewaye. Don Allah wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba.

Ciwon haƙori yana kashe mutum, kuma abin da ya fi kai mutanenmu ga halaka shi ne tsoron kuɗin asibiti. Mutum zai kwana bai runtsa ba, da safe ya aika yaro kyamis a haɗo masa kafso da maganin kashe zafi. Wani ya cusa asfirin a ramin haƙorin, wani har ruwan batir yake ɗigawa, ya ƙone dasashinsa. In abin ya ƙi, sai a jira ranar kasuwa a je wurin mai cire haƙori, ya zaro filaya daga cikin jaka, wadda ya gama cire wa wani da ita bai dafa ba, ya fizge. Sau da yawa kan haƙorin ne ke karyewa, saiwar ta zauna a ciki tana ruɓewa. Ta irin waɗannan ƙarafa ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Araha ba ta ado.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

A kai mara lafiya asibiti a wannan rana, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Kumburi ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi ko haɓa, ko ya hau zuwa ido.
2. Baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara.
3. Murya ta canza, ko numfashi ya fara wahala.
4. Zazzaɓi mai zafi tare da kumburin fuska.
5. Jini ya ƙi tsayawa bayan an cire haƙori.

Mugunyar da ta taru a gindin haƙori tana iya bi ta ƙarƙashin harshe ta toshe maƙogwaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ciwon suga da mace mai juna biyu sun fi kowa shiga haɗari.

Iyaye mata, ku riƙa duba bakin yaranku, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 da suka rame ko suka tashi daga ƙyanda. Dasashi mai zubar jini, baki mai wari, kunci ya kumbura ko ya fara baƙi: wannan na iya zama cutar noma, mai cinye naman fuska cikin 'yan kwanaki. Yawancin yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa, alhali in an kama ta da wuri magani mai sauƙi na tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

NA GWAMNATI KO NA KUƊI?

Asibitin gwamnati ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Za ka yanki kati, ka bi layi, wataƙila a rubuta maka magani ka saya a waje, wataƙila a ce ka dawo wata rana. Da wahala, amma wanda zai duba ka ya yi karatun aikin. A fara da asibitin mazaɓa ko Babban Asibitin Gwarzo. In aikin ya fi ƙarfinsu za su tura ka birni, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin haƙori da masu tiyatar muƙamuƙi. Ka karɓi takardar turawa, ka yi sammako.

Asibitin kuɗi kuwa ba dogon layi, ana duba ka nan take, amma kowane mataki da farashinsa: ganin likita, hoton haƙori, allurar kashe zafi, cirewa ko cikewa. Ka tambayi jimillar kuɗin kafin ka hau kujera, ka karɓi rasit. Sannan ka sani, ba duk wanda ya kafa allo ya sa farar riga ne likita ba. Jihar Kano na da hukumar PHIMA mai yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, kuma tana rufe na bogi. Ka nemi ganin takardar rajistarsu. Wanda ya fusata don ka tambaya, ka ɗauki takalminka ka fita.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, shi ya sa ciwo ɗaya ke cinye akuya da buhun masara. Akwai hukumar KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya a jiharmu, akwai kuma asusun lafiya a matakin farko da wata doka ta 2014 ta kafa don marasa ƙarfi. Ku je asibitin mazaɓarku ku tambayi yadda ake shiga da abin da tsarin ya ƙunsa, tun kuna da lafiya.

Ƙaramin rami a haƙori ana cike shi da kuɗi kaɗan. In aka bari ya kumbura, sai kuɗin mota zuwa Kano, kuɗin gado, kuɗin tiyata, da gona da aka bari ba mai kula. Rigakafi ya fi magani: asuwaki ko buroshi da man goge baki safe da dare, a rage wa yara alewa da lemon kwalba.

Muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai su sanar da wannan a masallatai da wuraren suna da ɗaurin aure. Masu kyamis, ku ji tsoron Allah: wanda ya zo muku da kumburarriyar fuska ku tura shi asibiti. Magidanta, kada ku hana iyalinku fita neman magani har sai numfashi ya sarƙe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mu baki ɗaya. Amin.