Noman Kabeji a Tsakar Gida a Ogba da Agege

Kabeji ganye ne mai son sanyi. Ya fi yin kyau idan zafin gari yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, shi ya sa Jos, da ke bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ta yi suna wajen nomansa. Galibin kabejin da masu tsire ke yankawa a Agege daga Arewa manyan motoci ke kawo shi su sauke a kasuwar Mile 12. Legas kuwa gari ne na gumi, da rana zafi yakan haura digiri 30. Duk da haka mai ɗan fili a Ogba zai iya cin kabejin da ya shuka da hannunsa, muddin ya dace da iri da lokaci.

Iri shi ne farkon magana. Wanda aka saba da shi a ƙasashen sanyi yakan yi ta baza ganye a Legas ba tare da ya ƙulla kai ba. Akwai irin da aka inganta domin jure zafi, kamar KK Cross da Oxylus, kuma su ya kamata a nema a shagon masu sayar da iri, ko da sun ɗan fi tsada.

Lokaci ma haka. Manoman rani a Kadawa ta jihar Kano da fadamun Zariya da sanyin hunturu suke dogara. Hunturun Legas gajere ne, bai cika wuce Disamba da Janairu ba, don haka dabarar ita ce a sa kabejin ya ƙulla kai cikin waɗannan watanni. Ana yafa iri a ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwan sama ya fara ja da baya, a rene shi a inuwa mako huɗu zuwa biyar. Idan ya fitar da ganye huɗu ko biyar sai a dasa shi da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin tushe da tushe. Shuka a tsakiyar damina, wato Yuni da Yuli, yawanci asarar iri ce, domin yawan laima na kawo cutar da ke baƙanta jijiyoyin ganye har kan ya ruɓe.

Yawancin gidajen haya a Ogba da Agege an shafe tsakar gidansu da siminti. Wannan ba ya hana noma. Buhun shinkafa da aka huda gindinsa, aka cika da baƙar ƙasa haɗe da taki, ya isa tushe ɗaya. Kashin shanu ba ya wuya ga wanda ke kusa da mayankar Oko-Oba, sai dai ɗanyensa yana ƙona saiwa. Dole a bar shi ya ruɓe tukuna. Wani amfanin buhu shi ne ana iya jawo shi inda zai sha hantsi, ya tsira daga ranar la'asar. Ban ruwa kuma kullum ne, a gindi, da safe. Idan ƙasa ta bushe sannan aka malala ruwa lokaci guda, kan yakan tsage.

Babbar abokiyar gabar kabeji wata ƙaramar tsutsa ce koriya da ke ɓoye a ƙarƙashin ganye tana huda shi kamar rariya. A wuri mai zafi tana hayayyafa da sauri, kuma ta daɗe da sabawa da magungunan feshi da dama. Mai tushe goma ba ya bukatar guba. Ya riƙa ɗaga ganyen yana tsince ta, ya daka 'ya'yan darbejiya ya jiƙa su kwana ɗaya, ya tace, ya fesa da yamma sau ɗaya a mako. Tsohon gidan sauro da aka lulluɓa tun ranar dashe yana hana malam-buɗe-littafin da ke haifar da ita sauka.

Bayan wata biyu zuwa uku da dashe, idan aka matsa kan aka ji ya yi tauri, sai a yanke shi da wuƙa. Ba zai kai na Jos girma ba, kuma jinkirin yanka cikin zafin Fabrairu yana sa ya fashe. Kafin a sake shuka kabeji a buhun, gara a sa alayyahu ko tattasai na tsawon kaka ɗaya, don cutar da ta kwanta a ƙasar ta ragu.